Hattara da masu fentin kalifa: tawa aka sake sayar min

Jama'a masu tsofaffin motoci, musamman 'yan Golf, ku tsaya ku ji abin da ya same ni. Wanda ya yi min yana nan a shagonsa har gobe, kuma ba shi kaɗai ke wannan sana'ar ba.

Motata Golf 4 ce, ƙirar 2001. Bayan daminar bara ta fara riƙe ƙafar baya ta hagu. Daga Kano zuwa Wudil kawai, kafin in isa wilin ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, ga ƙaurin birki, ga shan mai kamar tankin ya huje. Bakanikena ya leƙa ya ce, "Alhaji, kalifa ce ta mutu, wato ƙarfen nan da ke matse birki a bayan wili. Akwai wani ɗan'uwa mai kawo 'yan Beljiyam masu kyau, mu je in haɗa ku."

Mai shagon ya zaro kalifa daga leda, fara tas, sai ƙyalli take. Ya rantse a makon nan aka sauke kwantena. Ya yi min kuɗi, na yi tayi, sai ya ce in na bar masa tsohuwar zai rage min naira 5,000, ai ƙarfe ne kawai za a kai wa 'yan gwangwan. Ni a raina har na ci riba.

Mako uku ta yi, ƙafar ta sake kamawa. Na koma, ya ce kayan birki in an ɗaura ba a mayarwa, amma don mutuncin bakanikena zai canza min in ƙara wani abu. Na ƙara, na sake bar masa wadda aka cire. Ta biyun ba ta cika wata ba.

Wani abokina direban haya ne ya kai ni wurin wani dattijo da ya tsufa a gyaran Volkswagen. Baba bai ce in sayo komai ba. Ya ɗaga motar a jak, ya sa yaronsa ya taka birki sau da yawa ya saki, ya gwada juya tayar, ta ƙi. Sai ya sa sifana ya ɗan sassauta notin da ake fitar da iska. Mai ya yi tsartuwa, nan take tayar ta saki tana juyawa da hannu ɗaya. Ya ce, "Ɗana, tiyon man birki ne. Ya ruɓe ta ciki, mai yana shiga da ƙarfin ƙafarka amma ba ya iya komawa. Da kalifar ce ta cije, ko ka buɗe notin ba za ta saki ba." Gwajin da bai kai minti 5 ba, kuma babu wanda ya yi min shi tun farko. Ya kuma nuna min man birkin, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Man birki yana zuƙar danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2, ni kuwa tun da na sayi motar ciko kawai nake yi. Ruwan nan ne ke sa fistin da ke cikin kalifar tsatsa. Wayar hambirki ma ta fara cijewa, ba ta barin ɗan hannun da ke jikin kalifar ya koma mazauninsa.

Da ya kwance kalifar ne abin ya fito fili. Ya kankare fentin da wuƙa, sai ga tsatsa a ƙasa. Ni kuma idona ya faɗa kan notin iskan. Shekarun baya na ainihin ya karye min a hanyar Zariya, aka huda aka sa wani mai girman kai wanda sifanar ɗaya ɓangaren ba ta kama shi. Ga shi nan, da tabon inda makanikin ya goge da faifan wuta. Kalifata ce ta farko, wadda aka ce za ta tafi gwangwan. An yi mata wanka an sayar min.

Baba ya yi dariya ya zayyana min yadda ake yi. A jiƙa matacciyar kalifa cikin kalanzir ko gas, a buge fistin ya fito, a goge tsatsar da sanfefa, a cusa baƙin giris na bayarin, a mayar da tsofaffin robobin, a fesa fentin azurfa. Ranar da ka saya tana motsi sumul. Amma robar birki ba ta shiri da duk wani abu da ya fito daga fetur. Kalanzir da giris ɗin nan suna kumbura ta a hankali, cikin makonni sai ta shaƙe fistin da ƙusoshin da kalifar ke zamewa a kansu. Giris na silikon ake sa wa ƙusoshin nan. Wani abin takaicin kuma, fistin bayan Golf murɗa shi ake yi ana turawa, saboda akwai zaren hambirki a cikinsa. Su kuwa da ƙarfi suke danna shi, su lalata zaren.

In za ku saya, ku dubi fentin da kyau. Kamfani ba ya fesa fenti a kan roba, ko kan notin iska, ko cikin ramin da tiyo ke shiga. Ku sunsuna, warin kalanzir ba ya ɓuya. Ku taɓa robar bakin fistin, in ta yi laushi ta kumbura kamar fanke, ku ajiye. Ku ja ɗan hannun hambirkin ku saki, ya kamata ya koma da kansa. 'Yar Beljiyam ta gaskiya da dattinta take zuwa, ba ta ƙyalli. Haka waɗanda ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, hoto ɗaya ne ke yawo a hannun mutum goma. Tsohuwarku kuma kada ku bar ta a shago, in dole ne ku buga mata alama da kurfi. Sau da yawa sabbin robobi da fistin kawai take buƙata.

Kada kuma a raina riƙewar birki don na baya ne. Zafin yana cinye bayarin, yana lanƙwasa dis, wato faifan da birki ke matsewa, yana iya tafasa man har ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. Da iyalina nake hawa motar nan.

Na kai ƙara wurin shugabannin layin. Mai shagon ya ce kuskuren yaronsa ne, aka sasanta ya mayar min da rabin kuɗina. A nan ne ma ya suɓuce masa cewa bakanikena yana karɓar la'ada a kan kowace ɗaya. Baba ya canza tiyo biyu na baya da wayar hambirki, ya sa sabon fistin da robobi a kalifar tawa, ya zubar da tsohon man ya zuba sabon man birki mai lamba DOT 4. Wata 5 ke nan ƙafar ba ta ɗumama ba. Shekaranjiya na bi ta gaban shagon, farare guda shida na ƙirga a rataye.