Mahaɗa mai baki biyar da farin tef: kayan da ke tsayar da yoyon tankin famfo

Gidaje da yawa a Kubwa, Lugbe da Karu suna ɗora ruwan burtsatse a tankin sama, sannan ƙaramin inji mai tankin ƙarfe na lita 24 ya tura shi cikin gida da ƙarfi. Idan irin wannan inji ya fara yoyo, da wuya a ce tankin ne ya huje. Galibi laifin yana wurin mahaɗar nan mai baki biyar da ke zaune a kan injin, da tef ɗin da aka naɗa mata. Su biyun ne za mu duba, kuma hukuncin a taƙaice shi ne: mahaɗar tagulla ta gaske da tef mai kauri sun cancanci kuɗinsu, masu arahar kuwa aiki biyu suke jawowa.

Mahaɗar tana da manyan baki uku na inci ɗaya, na inji da na tanki da na bututun gida, sai ƙanana biyu na kwatan inci, ɗaya na geji mai nuna ƙarfin ruwa, ɗaya na makunnin da ke tada injin. A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei za a miƙo maka iri biyu masu kama da juna. Ta tagulla tana da nauyi a hannu, zarenta kuma, wato tsagin da ake murɗawa a ɗaure, a yanke yake tsaf. Ɗayar gamin tutiya ce da aka shafa wa ruwan ɗorawa. Maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba, domin duka biyun ba ya kama su. Ka ce wa mai shago ya ɗan goga magagari a gefe: in cikin ya fito rawaya, tagulla ce, in ya fito fari, mayar masa da abarsa. Ta tutiyar takan tsage a bakin kwatan incin nan da zarar an matsa geji, tsagar kuma siririya ce, ba a ganinta sai ruwa ya hau. Babu tef ko gam da ke maganin wannan.

Kafin a taɓa sufana, a kashe wutar injin, a rufe bawul ɗin da ke sauko da ruwa daga tankin sama, a buɗe famfo ɗaya har allurar geji ta kwanta a sifiri. Ma'aunin ƙarfin ruwa shi ake kira bar. Yawancin makunnan nan an saita su ne su tada inji a bar 1.4 su kashe shi a bar 2.8, kuma bar 2.8 daidai yake da nauyin ruwan da ya tsaya tsayin mita 28 ko kusa da haka. Ba abin wasa ba ne a fuska. Wajen gano inda ke yoyo, a goge ko'ina ya bushe, a tada injin, a riƙa dafa busasshiyar takarda daga sama zuwa ƙasa, saboda ruwa gangarowa yake yi ya ɗiga nesa da inda ya fito. Da damina jikin tanki kan yi gumi, kada a ɗauke shi yoyo.

Farin tef ɗin da ake sayarwa da dozin, mai faɗin milimita 12, ya yi siranta ƙwarai. Yana iya aiki a bakin geji, amma a zaren inci ɗaya sai an zagaya shi sau goma sha biyar ko fiye, kuma yana tsinkewa a hannu. Mai faɗin milimita 19 mai kauri shi ne na wannan aikin. Zagaye shida zuwa takwas sun wadatar. Sai dai ko mai kyan ba ya yafe ganganci. A kankare tsohon tef da tsatsa da burushin waya. A fuskanci bakin bututun a naɗa ta hanyar da agogo ke juyawa, a ja shi da ƙarfi ya nutse cikin zaren, a bar zaren farko a buɗe don kada guntu ya yanke ya toshe ramin makunni. A ɗaure da hannu, a ƙara zagaye ɗaya zuwa biyu da sufana, ana riƙe mahaɗar da wata sufanar. Babban kuskuren masu gyara shi ne su wuce, sannan su ɗan sassauto don fuskar geji ta kalli gaba. Tef ba ya komawa yadda yake. In aka sassauta, sai a kwance a sake naɗi.

Tiyo mai saƙar ƙarfe da ke zuwa tanki kuwa, ba tef ke riƙe ruwansa ba, zoben robar da ke cikin notin ne. In yana ɗiga, a sauya zoben. Naɗa tef a wurin hana notin isa ga robar yake yi. Haka kuma kada a ɗaura soket na roba mai zare a ciki a kan bakin ƙarfe, rabewa yake yi ko ba yau ba. A nemi soket na PPR, wato robar bututun da ake haɗawa da zafi, mai tagulla a cikinsa, a kuma sa yuniyan, wato mahaɗa mai noti da ake kwancewa, kusa da injin don gobe a kwance ba tare da an yanka bututu ba.

Akwai abin da mahaɗa mai tsada ba za ta gyara ba. A cikin tankin injin akwai jakar roba, iska kuma na kewaye da ita. In iskar ta tsere, injin zai riƙa tashi yana mutuwa a kai a kai, kowane tashi yana bugun mahaɗun, har sabon naɗi ya saki. A bayan tankin akwai bawul irin na tayar mota. A lokacin da babu ruwa a tankin, a auna da gejin mai faci: ya kamata iskar ta gaza wurin tashin inji da bar 0.2, wato 1.2 ga makunnin da ke tashi a 1.4. Famfon keke ya isa a ƙara ta. In aka danna bawul ɗin ruwa ya fito, jakar ta yage. A tankunan da bakinsu ke da faranti da notuna ana sauya jakar kaɗai, a ɗaure notunan ɗaya nan ɗaya can a tsallake, kaɗan-kaɗan, don bakin robar ya zauna daidai.

Bayan an gama, a bar injin ya cika ya kashe kansa, a rufe duk famfunan gida, a duba geji bayan rabin awa. In allurar ta sauka alhali mahaɗu a bushe suke, a duba tankin ban-ɗaki ko yana zuba; in ba shi ba ne, ruwan komawa baya yake yi ta bawul mai hana dawowa da ke bakin injin, shi za a kwance a wanke ko a sauya.