Randa, kula ko firiza: me ya dace da zoɓo da kunun aya?

Kafin a je kasuwa, a fara sanin abin da za a ajiye, domin zoɓo da kunun aya ba halinsu ɗaya ba. Zoɓo yana da ɗan tsami na kansa, yana jure zama. Kunun aya kuwa ba shi da haƙuri ko kaɗan. A zafin Kano na Afrilu, lokacin da awo ke kai digiri 40, wanda aka tace da safe aka bari a fili kan juya kafin la'asar.

Randa ta fi komai arha, kuma ba ruwanta da wuta. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta ne iska ke busarwa, shi ke kawo sanyin. Shi ya sa take aiki sosai da rani, da damina kuma ta yi sanyin jiki. Dabarar nan ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya inganta a shekarun 1990: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Zoɓon da za a sha yau, a zuba a gora a tsoma cikin randa, ya wadatar. Kunun aya kam sanyin randa bai isa ya riƙe shi ba.

A ganina kula ce gaskiyar yawancin gidaje. Idan kin je Sabon Gari, kada launi ya ruɗe ki. Ki ɗaga ta ki ji nauyi, ki ƙwanƙwasa bangonta. Mai siririn bango kafin azahar ƙanƙara ta zama ruwa. Ki rufe murfin ki danna, in yana lilo ki ajiye musu abinsu. Kuma babba ba ita ce mai kyau ba, domin kular da aka cika ta fi riƙe sanyi. Ƙanƙarar ma a bar ta cikin ledarta a gefen gorunan. Jefa ta cikin zoɓo tsarma shi ne, ga shi ba a san ruwan da aka daskarar ba.

Firiza sai mai sana'a, ko mai sola. In za ki saya, mai buɗewa ta sama ta fi mai ƙofa riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. A bar ɗan fili a wuyan gora kafin a daskarar, in ba haka ba ta fashe. Kunun aya da ya narke yakan rabu, gari ƙasa ruwa sama, sai an girgiza shi sosai kafin a zuba wa baƙo.