Trade Test ko NSQ: wanne ya fi wa birkila da mai wayarin amfani?

Ƙanena birkila ne a Tudun Wada, shekara 7 yana bin ogansa, yanzu yana son takarda saboda kamfanoni sun fara tambaya, shi ne muka zauna muka duba biyun nan.

Trade Test dai na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, daga Grade 3 ake farawa, sai 2, sai 1. Tsohuwar takarda ce, ma'aikatu sun santa, kuma ba ta ɗaukar lokaci. Damuwata da ita gwaji ne na ɗan lokaci, in ka haye shi ke nan, ba wanda ya ga yadda kake jera bulo kullum a wurin aiki.

NSQ kuwa, wato takardar shaidar ƙwarewar sana'a ta ƙasa, tana ƙarƙashin NBTE ne, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda hedkwatarta ma nan Kaduna take. A NSQ mai tantancewa ne zai zo ya tsaya a kanka yana kallo kana filasta ko kana ja waya ko haɗa famfo, ana tara shaidar aikinka kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya fi burge ni wallahi shi ne ana lissafa abin da ka koya a hannun oga ko da ba ka taɓa shiga aji ba, ka ga irin yaran Panteka ke nan, kasuwar masu sana'ar hannu ta Kaduna. Sai dai tana cin lokaci, kuma masu ba da aiki da yawa ba su gama saninta ba tukun.

Ni na ce masa ya nemi NSQ, tunda hannunsa ya riga ya faɗa.