Mastas a Fannin Sadarwa a BUK: Abin da Na Tarar

Makon jiya wata ƙanwata a wurin aiki ta tare ni a ƙofar situdiyo, waya a hannu, ta ce, "Anti, ke da kika gama, don Allah ki gaya mini gaskiya. In cika fom ɗin BUK ne, ko in haƙura in nemi na waje?" Na ce mata wannan ba maganar tsaye ba ce. Na san akwai ire-irenta da yawa a gidajen rediyo da jaridu, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya gani.

Ni mai shirya shirye-shirye ce a wani gidan rediyo a Kano. Digirina na farko a aikin jarida ne, a wata jami'a da ba ta Kano ba. Na biyun kuwa a Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero na yi shi, irin na bincike wanda sai ka rubuta kundi ka kare shi. Abin da ya mayar da ni aji ba neman ƙarin girma ba ne, sojojin baka ne. Duk mai kunna rediyo da dare a Kano ya san su: wannan ya shigo ya wasa ubangidansa, wancan ya biyo baya ya yi wa ubangidan wani habaici. Tun da rediyo masu zaman kansu suka kafu a Kano, musamman bayan buɗe Freedom Radio a 2003, wannan salo ya zama babban fagen siyasar garin. Shekaru na yi ina tace muryoyinsu, in yanke nan in bar can, don kada NBC, hukumar da ke sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin, ta ci mu tara. A hankali na lura cewa zagin da nake yankewa ba shi ne yake tayar da ƙura ba. Maganar da ba a ambaci sunan kowa a cikinta ba, wadda doka ba ta da inda za ta kama, ita ce washegari za ka ji ana maimaitawa a teburin mai shayi. Na so in san yadda mai sauraro yake warware ta, da abin da take yi masa.

Wurare uku na auna. Na farko Ingila, ta hanyar tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya. Sharuɗɗansa a fili suke: ka yi aiki na aƙalla shekara biyu, ka zaɓi kwas uku, ka rubuta bayanai a kan shugabanci da hulɗa da jama'a da burinka, kuma in ka gama ka dawo gida na shekara biyu. Duk na cika su. Amma mastas ɗin can shekara ɗaya ne, kuma abin da zan bincika yana Kano. Na kwatanta kaina a gaban malamin da ba ya jin Hausa ina ƙoƙarin fahimtar da shi me ya sa "wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake" ta fi ambaton suna zafi. Rabin shekarar a bayani zai tafi. Ba ina rage wa karatun waje daraja ba ne. Wanda yake son aikin jarida na ƙididdiga, ko nazarin manyan kamfanonin intanet da dokokinsu, zai sami kayan aiki da ɗakunan karatu da za su amfane shi ƙwarai. Tambayata ce ba ta can ba.

Na biyu Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ta yi suna a fannin sadarwa don ci gaban al'umma, wanda ya tsiro daga sashen wasan kwaikwayo, inda suka daɗe suna shiga ƙauyuka suna amfani da wasa wajen tattauna matsalolin jama'a da su kansu jama'ar. Da aikina a kan rigakafi ne ko noma ko ilimin 'ya'ya mata, da can na nufa ko da kuwa zan riƙa jigila a hanyar Kano zuwa Zariya da goyo.

Kafin in zo kan BUK, akwai abin da masu neman fom suke tsallakewa. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, lokacin Farfesa Abubakar Rasheed yana shugabantarta, ta raba digirin aikin jarida gida bakwai: jarida da nazarin kafafen watsa labarai, hulɗa da jama'a, talla, rediyo da talabijin, fim, sadarwa don ci gaba, sai nazarin bayanai da kafafe. Wannan na digirin farko ne, amma ya nuna maka cewa fannin ba abu ɗaya ba ne. In ka ce "zan yi mastas a sadarwa" ba ka faɗi komai ba tukuna. Haka kuma akwai mastas na bincike, akwai na ƙwararru wanda aka tsara don ma'aikata. Mai niyyar digiri na uku ko koyarwa a jami'a na bincike ya kamata ya ɗauka. Mai HND, ko wanda ya fito daga wani fanni dabam, galibi sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri. Na san waɗanda sai da suka biya kuɗi suka gane fom ɗin da suka cika ba zai kai su inda suke so ba.

Abin da ya ja ni BUK, da farko, mutanen da suka gina wurin. Farfesa Umaru Pate shi ne shugaban tsangayar na farko kafin ya tafi shugabancin Jami'ar Tarayya ta Kashere. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya shugabanci jami'ar karatu daga gida ta NOUN daga 2016 zuwa 2021, ya shafe shekaru yana nazarin finafinan Hausa da adabin kasuwa da waƙa, a lokacin da wasu malamai suke ganin waɗannan ba su kai a ɓata tawada a kansu ba. Ban je da tunanin su za su koyar da ni ba. Na je ne saboda inda irin waɗannan suka yi aiki, ba wanda zai ɗaga gira in ka ce sojojin baka za ka nazarta.

Amma abin da ya yanke mini hukunci wani abu ne ƙarami, kuma shi na fi so kowa ya ɗauka daga wannan rubutu. Kafin in taɓa fom, na ɗauki hutun kwana biyu na tafi sabuwar jami'a a hanyar Gwarzo, wato sabon mazaunin BUK, na nemi izini na zauna ina buɗe kundayen ɗaliban da suka gama. Ba ciki kawai nake karantawa ba. Ina duba sunan malamin da ya duba aikin, da shekarar da ɗalibi ya shiga da wadda ya kare, sannan in karanta shafin godiya, don a nan ake gane malamin da ya zauna da ɗalibinsa da gaske. A kwana biyun nan na san su wa suke duba aikin rediyo, su wa suka fi karkata ga lissafi, su wa suke karɓar hira da tattaunawa. Babu shafin intanet ɗin da zai ba ka wannan.

Cika fom ɗin kansa bai ba ni wahala ba. Ta intanet ake yi, ka biya, ka ɗora takardun digiri da na bautar ƙasa da sakamakon sakandare, ka ba da sunayen waɗanda za su shaide ka. Inda na sha wuya shi ne tiranskirif, wato cikakkiyar takardar makin digirin farko, wadda tsohuwar makarantarka ce za ta aika. Sau uku na yi tafiya zuwa tawa, yau a ce fayil ba ya nan, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Wata huɗu aka ɗauka. Na yi kuka a mota ranar dawowa ta biyu, don na ga guraben suna neman kuɓuce mini a kan abin da ba laifina ba. Ku nemi tiranskirif tun kafin a buɗe fom.

Karatun kashi biyu ne, lakcoci da jarrabawa, sannan bincike. A lakcocin, darasin hanyoyin bincike ya fi komai yi mini amfani, sai na ra'ayoyin masana. A nan zan ɗan tsaya, don abin ya dame ni kuma har yanzu yana damuna. Yawancin ra'ayoyin da ake koyarwa a wannan fanni, a ko'ina, a Amurka aka haife su. Misali ra'ayin da McCombs da Shaw suka fitar a 1972, cewa kafafen watsa labarai su ke tsara wa jama'a abin da za su ɗauka da muhimmanci, daga zaɓen Amurka na 1968 ya fito, a wani gari da ake kira Chapel Hill, tsakanin masu karanta jarida da kallon talabijin. Ra'ayi ne mai ƙarfi. Sai dai a Kano mutum ba shi kaɗai yake sauraro ba. A majalisa ake ji, a yi gardama, wani dattijo ya fassara wa sauran, sannan maganar ta shiga WhatsApp a saƙon murya ta dawo da wata kama. Ranar da na faɗi haka a aji, da ɗar-ɗar na faɗa. Malamin bai kare littafi ba. Cewa ya yi in rubuto masa shafi uku a kan inda ra'ayin ya gaza a Kano, kuma in kawo hujja, ba labarin wurin aiki kawai ba. Wannan shafi ukun su suka zama babi na biyu na kundina.

Sai maganar 384. Duk wanda ya yi bincike a jami'ar Nijeriya ya san wannan lamba, daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 take, adadin mutanen da za ka raba wa takardar tambayoyi in jama'ar da kake nazari suna da yawa. Ni ma ita na rubuta a tsarin aikina na farko, don ita na ga kowa yana rubutawa. Malamin da ya duba aikina ya karanta, ya ajiye tabarau, ya ce, "Malama, wa zai cika miki wannan takardar? Mai shayin da kika ce a wurinsa ake warware habaicin?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, zan fassara ta." Ya ce, "Ko kin fassara, a wane akwati zai sa alamar dariyar da ya yi?" Daga ranar aka sauya aikin gaba ɗaya: in naɗi shirye-shiryen, in rubuta su kalma da kalma, in je majalisu da cikin gidaje in kunna wa mutane in ji me suka ji. Wannan tambaya guda ta malam ita ce ta biya mini kuɗin makaranta. Wanda ba ya zaune cikin harshen ba zai yi ta ba.

Lokaci kuwa, kada wanda ya yi muku alƙawari. Yajin aikin ASUU na 2022 ya rufe jami'o'in tarayya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, mu ma muna ciki. Jinkirin ya sa fitata neman bayanai ta faɗo daidai kakar zaɓen 2023, lokacin da sojojin baka suka fi kaifi, don haka ni ya zame mini alheri. Abokan karatuna da suka ɗauki hutun aiki na ƙayyadadden lokaci su kam sun ji jiki. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin Adaidaita zuwa sabuwar jami'a ya zama wani abin lissafi na kansa. Na bincike ba karatun ƙarshen mako ba ne, yana son ranakun aiki. Da ba don shugabana ya mayar da ni aikin dare ba, maigidana kuma ya karɓi kai yara makaranta, da ban kai ba.

Zama da mata a cikin gida shi ne abin da ba zan manta ba. Ana ɗauka siyasar rediyo ta maza ce. Wata tsohuwa a cikin birni, tana tsince shinkafa, na kunna mata wani habaici da ni kaina ban gama gane shi ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "'Yar nan, ai amsar na shekaranjiya ce." Ta jero mini maganar da aka yi kwana biyu baya, da wanda ya yi ta, da abin da ya jawo ta. A nan na fahimci cewa ba a nazarin shiri ɗaya shi kaɗai, zare ne mai tsawo, kuma masu sauraro suna riƙe da bakinsa fiye da mu da muke cikin situdiyo.

Da Ingilishi ake rubuta kundi, kuma a nan na fi jin ciwo, don habaici in ya tsallaka wani harshe gishirinsa yakan zube. Malam ya sa na riƙa kawo Hausar yadda aka faɗe ta, sannan fassara, sannan bayanin abin da ke ƙarƙashi. Aikin ya ninka, kundin ya yi kauri. Amma ranar karewa, malamin da aka gayyato daga wata jami'a a kan waɗannan shafukan ya fi daɗewa, kuma tambayoyinsa a kansu suka fi yawa.

Ga wanda tambayarsa take cikin Hausa, rediyo ko fim ko wa'azi a intanet ko jita-jita a WhatsApp, ban san wurin da zan tura shi gaba da BUK ba. Ga mai son takarda cikin gaggawa don ƙarin girma, ya dubi na ƙwararru, kada ya shiga na bincike ya wahalar da kansa da malaminsa. Ita ƙanwar tawa da na tambaye ta me take so ta bincika, ta yi shiru, can ta ce tana tunanin 'yan mata masu talla a TikTok, amma ba ta tabbata ba. Na ce ta ajiye fom ɗin tukuna. Mun yi da ita ranar Litinin, in ta sauka daga shirin safe, zan raka ta sabuwar jami'a mu buɗe kundaye.