Sharhi kan asibitin dabbobin da ya yanke wa Duna ƙafa, da abin da ya faru a mako na biyar

Duna kare ne mai shekara takwas, uwarsa 'yar gida, ubansa irin karnukan nan na 'yan sanda, kuma tun yana kwikwiyo yake gadin garken tumakina a gonata da ke hanyar Kalgo. Cikin hunturun bana ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu. Muka ɗauka targaɗe ne, har mai gadi ya kai shi wurin maɗori aka shafa man shanu aka ɗaure, amma kumburin da ke saman wuyan ƙafar bai fasa ƙaruwa ba, ya yi tauri kamar dutse. Daga nan ne na kai shi wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a nan Birnin Kebbi, wanda shi ne nake son yin sharhi a kan aikinsa bayan wata biyar ina hulɗa da su.

Ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, don haka sai da muka yi tafiyar sama da awa biyu zuwa Sakkwato da kare mai ciwo a bayan mota. Hoton ya nuna ƙashin kamar icen da gara ta ci daga ciki. Babban likitan asibitin ya zaunar da ni ya ce sankarar ƙashi ce, wadda suke kira ostiyosakoma, ta fi kama manyan karnuka, kuma wannan gurbin na kusa da wuyan ƙafar gaba yana cikin wuraren da ta fi zama. A nan na yaba masa, domin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce yanke ƙafar zai raba Duna da azaba amma ba zai warkar da shi ba, saboda a mafi yawan karnuka cutar kan riga ta kai huhu tun kafin hoto ya iya nuna ta. Ya ce idan yankewa kaɗai aka yi, galibi wata huɗu zuwa biyar ake samu, idan kuma aka haɗa da allurar sankara irin carboplatin da ake yi duk bayan mako uku, akan kai kusan shekara, sai dai su ba sa yin wannan allurar.

Na amince aka yi aikin, kuma kuɗin da na biya ya kai na ragon layya mai kyau. Na sha magana a majalisa, har wani dattijo ya ce mini, “Alhaji, kare ne fa.” Na amsa masa da cewa shari'a ta halatta kiwon kare don gadin dabbobi da gona, kuma wanda ya shekara takwas yana kwana a bakin turke saboda dukiyata ba zan bar shi yana kuka da dare ba alhali ina da halin rage masa zafi.

Aikin tiyatar kansa ba ni da abin kushewa a ciki. Sun cire ƙafar har da allon kafaɗa, ɗinkin ya yi tsaf, ya kwana biyu a wurinsu, a rana ta uku ya miƙe da ƙafa uku ya bi ni zuwa mota. Da yake kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, tafiyar tasa ta koma tsalle-tsalle, kansa yana sama yana ƙasa, kuma yakan gaji da wuri. Na dawo da shi gida cikin gari, na shimfiɗa tabarmi a kan tayil don kada ya zame, muna zura tsohon zani a ƙarƙashin ƙirjinsa mu tallafe shi idan zai sauka daga baranda. Da ruwa ya taru a ƙarƙashin ɗinkin ya yi luhu-luhu, sun ce abu ne da aka saba gani kuma jiki zai shanye shi, haka kuwa aka yi. Wani ma'aikacinsu ya yanke gindin bokitin roba ya zura masa a wuya don kada ya lashi ciwon, dabarar da ta fi mini duk wani abin sayarwa da ke kan kantarsu amfani. A kwana na 14 aka cire zare. Abin da ya rage mini daɗi shi ne an sallame mu ba tare da takarda ko ɗaya ba: magunguna a ƙullin leda, bayani da baki a bakin ƙofa, babu wanda ya rubuta mini alamomin da in na gani zan dawo da gaggawa.

A mako na biyar bayan tiyatar, cikin zafin Afrilu, Duna ya ƙi cin abinci. Na kawo masa hanta da romo, abin da a da ba ya bari ya huce, ya sunsuna ya kau da kai. Ya kwanta a gindin randa yana haki, hancinsa a bushe, kuma da safe na ga fitsarinsa a kan siminti ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta. Na ɗaga leɓensa, dasashin da na sani ja ya koma fari fat. Zuciyata ta tafi kan huhu kai tsaye, tunda abin da aka ce in jira ke nan.

Na yi ta kiran lambar asibitin daga magariba har bayan isha'i ba a ɗaga ba. Washegari na samu babban likitan a waya, ya saurare ni bai fi minti biyu ba, sannan ya ce, “Alhaji, ai na faɗa maka, ciwon ne ya bazu, sai haƙuri. A ci gaba da ba shi maganin zafin.” Wannan ita ce babbar ƙorafina a kansu. Gaskiyar da ya faɗa mini tun farko ta zama masa hujjar yanke hukunci ta waya, a kan dabbar da bai gani ba, bai taɓa ba, bai auna zafin jikinta ba.

Ƙaramar likitar da ke aiki a ƙarƙashinsa ce ta kira ni da kanta bayan azahar, ta ce za ta biyo ta gida idan ta tashi. Ta zo da jakarta, ta durƙusa a gindin randar, ta auna zafin jikinsa ya haura digiri 40, alhali na lafiyayyen kare bai cika wuce 39 ba. Ta saurari ƙirjinsa ta ce ba ta ji abin tsoro ba. Sai ta buɗe kunnensa ta nuna mini kaska jere a cikin lungun, ta ciro wata daga tsakanin yatsunsa, ta ce, “Baba, kafin mu ɗora wa sankara laifi bari in duba jininsa.” Ta ɗiga jini daga gefen kunne a kan ɗan gilashi, kuma kafin magariba ta kira ta ce zazzaɓin kaska ne, ƙwayar babesiya, wadda ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, shi ya sa dasashi ya yi fari fitsari ya yi duhu.

Na so in ɗora laifin kaskar a kan ɗakin da ya kwana a asibitin, amma ta ce lokacin bai yi daidai ba, cutar ba ta cika ɗaukar mako biyar kafin ta bayyana ba. Laifin nawa ne, domin na daina yi masa wankan maganin kaska tun ranar tiyata don tsoron ciwon, kuma ban sake ba. Sai dai da an rubuta mini ranar da zan koma yi, da ban tsaya zato ba.

Abu biyu ta yi da suka nuna mini ta san aikinta. Ta ƙi yin allura sai da muka sake auna nauyinsa a sikelin masu shinkafa, tana cewa nauyin da ke cikin katinsa na lokacin da yake da ƙafa huɗu ne, maganin kuwa shi ne diminazin da makiyaya ke yi wa shanu don sammore, wanda in ya ɗan yi wa kare yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Ya ragu daga kilo 34 zuwa 28. Sannan ta dakatar da meloksikam, maganin zafin da aka ce in ci gaba da ba shi, domin maganin yakan yi wa ciki da ƙoda illa idan dabba ba ta ci ba ta sha, ta kuma ja mini kunne kada wani a gida ya tausaya masa da ibuprofen ko wani maganin ciwon jiki na mutane. Ta yi masa ƙarin ruwa a baranda, ledar tana rataye a ƙusar da muke rataya fitila, ta rubuta doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana 28 saboda kaska kan haɗa wa kare cuta fiye da ɗaya.

A kwana na uku ya lashi romo, a na biyar ya ci tuwo da kan kifi. Ƙarfin ƙafar gaba da ta rage ne ya daɗe bai dawo ba, saboda kwanciyar ta sa naman jikinsa ya saki, sai muka koma tallafa masa da zani, muna fita da asuba kafin ƙasa ta yi zafi, daga ƙofar gida zuwa bakin masallaci mu dawo.

Wanda ya tambaye ni ko ya kai dabbarsa wannan asibiti don tiyata, zan ce ya kai, hannunsu yana da kyau kuma ba su ƙara mini ko sisi a kan abin da muka yi ciniki ba. Amma kada ya fita sai an rubuta masa umarni a takarda, ya kuma karɓi lambar likitan da zai iya zuwa gida, domin lambar asibitin ba ta aiki da dare. Na faɗa wa babban likitan haka gaba da gaba, ya karɓa ba tare da musu ba, ko da yake har zuwan da na yi na ƙarshe ban ga an fara ba da takardar ba. Duna ya koma gona da faɗuwar damina, yana kwana a bakin turke kamar da, ana yi masa maganin kaska a kan lokaci, kuma a wata mai zuwa za mu sake komawa Sakkwato a ɗauki hoton huhunsa.