Neman kujera ko ɗaukar daron wanke ƙafa

A Linjilar Markus sura 10, Yakubu da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, sun roƙi Yesu ya zaunar da ɗayansu a damansa, ɗayan kuma a hagunsa cikin ɗaukakarsa. Wannan hanya tana auna girma da kusanci ga mai mulki, kuma tana saurin haifar da husuma, domin sauran almajirai goma sun fusata da suka ji roƙon.

Hanya ta biyu kuwa Yesu ya nuna ta da hannunsa a Linjilar Yohanna sura 13, inda ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da a zamanin bawa ne yake yi wa baƙin da suka sha ƙurar hanya. Bitrus ya ƙi da farko, kuma a ganina ƙin nasa ya bayyana nauyin lamarin, tunda almajiri ba ya jure ganin malaminsa a durƙushe gabansa. Kujerun da 'ya'yan Zabadi suka nema mutum biyu kawai za su ɗauka, amma wankin ƙafa ya kai ga dukan waɗanda ke ɗakin, har da Yahuza wanda Yesu ya san zai bashe shi a daren.