Akadiyanci ko Ugaritanci: wanne za a fara koya?

Akadiyanci tsohon harshen Babila da Assuriya ne, Ugaritanci kuwa na tsohon birnin Ugarit ne a Siriya. Ɗaliban Ibrananci sun sha tambayata wanne zai fi taimaka musu wajen fahimtar kalmomin gumaka a Tsohon Alkawari.

Wajen sauƙi, Ugaritanci ne gaba. Haruffansa 30 kacal, kuma ɗan ɗaki ɗaya ne da Ibrananci. Akadiyanci kuwa alamominsa ɗaruruwa ne, alama guda tana iya ɗaukar karatu iri-iri. Sai mai haƙuri.

Amma amfanin fa? Kalmar Ibrananci "tselem" (siffa) ta Farawa 1:26 ita ce "salmu" a Akadiyanci, wato mutum-mutumin sarki ko na abin bauta. A Babila har wanke bakin gunki ake yi, al'adar "mis pi", kafin a ɗauke shi a matsayin mai rai. Wanda ya san wannan, ba'ar da Ishaya 44 ya yi wa masassaƙin gunki za ta fi shigarsa. Ƙamus ɗin Akadiyanci na Jami'ar Chicago ma kyauta yake a intanet.

Haɗarin Ugaritanci shi ne allunan da aka fara tonowa a Ras Shamra, kufan birnin Ugarit, a 1929 ba su da yawa, galibi babu wasula, sai hasashe ya yi yawa.

Mai bibiyar Ba'al da Ashera, gumakan Kan'aniyawa, Ugaritanci ya ishe shi. Mai son sanin yadda ake ƙera gunki a tsarkake shi, ya ɗaura ɗamarar Akadiyanci.